Sabar tana Jos, mai kula da ita yana Abuja

Situdiyon yana saman wani bene ne, ba nisa da titin Bauchi a Jos. Editoci huɗu ke aiki a ciki, kowa da kwamfutarsa, suna tace fina-finan Hausa masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube, idan kasuwa ta yi sanyi kuma su karɓi bidiyon biki da na taro. Irin wannan wuri ba baƙon abu ba ne a Jos, garin da hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, kuma 'yan fim suka daɗe suna son duwatsunsa da sanyinsa. Mai wurin, wanda kowa ke kira Alhaji, ya gaji da ƙananan faya-fayan da ake yawo da su a jaka, yau wannan ya faɗi, gobe wancan ya bi wani darakta lokeshin bai dawo ba. Sai ya sayi sabar ajiya guda, ya ce duk ɗanyen aiki a riƙa zubawa a cikinta.

Sabar Dell PowerEdge ce, kwancen Turai, da faifai 8 masu terabayit 4 kowanne. Wanda ya haɗa ta ya ɗora mata TrueNAS, manhajar da ke tafiyar da sabar ajiya, ya jera faya-fayan a tsarin RAIDZ2, wato ko biyu sun mutu lokaci guda ba a rasa komai ba, wurin ajiyar da ya rage kuma wajen terabayit 21 ne. Nan kam ya yi aiki mai kyau, ban taɓa masa komai ba. Inda ya bar baya da ƙura shi ne hanyar sadarwa, daga nan ya samu aiki a wani gari, wayarsa ta daina shiga.

Ni a Abuja nake zaune. Zuwa Jos, ko ka yi sammako ka tsallake cunkoson Nyanya da Mararaba, kafin ka wuce Keffi da Akwanga ka haye Hawan Kibo rabin yini ya tafi, ga kuɗin mai. Da Alhaji ya kira ni, buƙatarsa a taƙaice take: "Injiniya, ni dai in injin nan ya yi tari kada sai ka hau mota." Na amsa, muka yi ciniki, na je na kwana biyu.

Abin da na tarar

Koke na farko daga bakin editoci ya fito, kuma babu ruwansa da nesa. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, foldar aiki sai ta ɓace daga kwamfutocinsu, babban editan ya zauna yana gwada lambobi har ya dace. Dalilin bai da wuyar gani. Sabar tana karɓar adireshinta ne daga rautar 4G da ke ba su intanet, ta tsarin nan na DHCP da ke raba lamba ga duk wanda ya fara tambaya, ita kuma rautar da zarar ta mutu ta manta wanda ta ba wace lamba. Rauta na tashi cikin minti ɗaya ko biyu. Babbar saba kuwa sai ta gama ƙirga ƙwaƙwalwarta da faya-fayanta, mintuna da dama. Kafin ta miƙe, wayoyin 'yan ofis da na baƙi sun riga sun wawashe lambobin farko. Jiya tana 192.168.0.101, yau tana 107.

Abu na biyu shi ya tayar mini da hankali. Da na shiga saitin rautar, na ga wanda ya gabace ni ya yi ƙoƙarin buɗe hanya daga waje: kowane irin aiki a inji yana da ƙofarsa mai lamba, sai ya tura ƙofa ta 443 zuwa sabar, wadda ita ce ta shafin gudanarwa, ya tura ta 22 ta SSH, hanyar ba inji umarni daga nesa, har da ta 445, wadda ake musayar fayil ta cikinta. Da ya ga ba ta ɓulle ba, sai ya sa sabar gaba ɗaya a abin da rautar ke kira DMZ, ma'ana duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje a miƙa shi kai tsaye. Ita ƙofa ta 445 ɗin nan ta cikinta WannaCry ya bazu a duniya a watan Mayun 2017. A watan Janairun 2022 kuma masu garkuwa da fayil suka saki DeadBolt, ya bi akwatunan ajiya na QNAP da aka bari a buɗe ga intanet yana kulle su, sai an biya kuɗin fansa da Bitcoin. Ba sai ɓarawo ya san sunanka ba. Injuna ne ke zagaye adireshin duniya dare da rana suna taɓa ƙofofi.

Abin da ya hana aikinsa tafiya, shi ne kuma ya cece su. Adireshin da rautar ta samu daga kamfanin waya ya fara da 100.72, alhali shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje wata lamba daban suke bayarwa. Duk lambar da ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 an ware ta ne tun 2012 domin tsarin CGNAT, inda kamfani ke tara masu saye da yawa a bayan adireshi guda saboda lambobin IPv4 sun ƙare. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna barkatai da ƙofar zaure ɗaya: kai za ka iya fita ka dawo, amma baƙon da ba ka aika masa ba maigadi ba zai bari ya wuce ba. Haka yawancin layukan waya suke, haka ma Starlink da ta shigo Najeriya a farkon 2023, a tsarinta na gida. Duk turin ƙofar da za ka yi a rautarka, a banza.

Alhaji ya riga ya ji wannan bayanin daga wani, har ya fara neman layin da za a ba shi adireshin waje na kansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka samu layin nan aka maimaita wannan saitin, da yanzu wata maganar muke yi." Ban da fim ɗin da bai fita ba, wanda ko kashi ɗaya ya zurare ya jawo asara, akwai bidiyon bukukuwan mutane, matan aure da fuskokinsu a ciki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da su, amma a Jos kafin hukuma ta ji, mijin amarya ya riga ya hawo benen. Na goge waɗannan saituna duka kafin na sha shayi.

Lambar gida tukuna

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Injin da mutanen ɗaki ɗaya da shi ba sa iya samunsa a wuri guda, ba maganar a nemo shi daga Abuja. Don haka ranar farko ta tafi ne a kan lambobi.

Na canja lambobin ofis ɗin gaba ɗaya daga 192.168.0 zuwa 10.37.20. Ba ado ba ne. Kusan kowace rauta da ake sayarwa da 192.168.0 ko 192.168.1 take zuwa, har da ta gidana, da ta otal ɗin da zan iya sauka. Idan unguwar da nake da unguwar da nake nema lambarsu ɗaya, kwamfutata za ta ɗauka sabar tana nan kusa da ita, ta yi ta lalube a cikin ɗakina ba ta aika komai Jos ba. Duk lambar da ta fara da 10 an keɓe ta don amfanin cikin gida, kamar yadda aka keɓe 192.168 da kuma 172.16 zuwa 172.31, sai na zaɓi wadda da wuya wani ya yi karo da ita.

Rabon ya kasance haka: rauta ta ɗauki 10.37.20.1, sabar ta ɗauki 10, kwamfutocin editoci 21 zuwa 24, wayoyi da baƙi kuma aka bar musu 100 zuwa 200 su yi ta rububinsu a can. Akwai hanya mai sauƙi, a ce wa rauta ta riƙa ajiye wa sabar lamba guda kullum. Na ƙi ta, na rubuta lambar a cikin sabar kanta da cikin kwamfutocin, domin ina so ko rautar ta ƙone aikin tacewa ya ci gaba. Sabar da editoci duk a suwic ɗaya suke, akwatin da kebul ɗinsu ke haɗuwa, mai gudun gigabit, wanda ke kai kusan megabayit 110 a daƙiƙa, ba su da buƙatar rauta a tsakaninsu.

TrueNAS yana da wata dabara da nake yaba masa. Idan ka canja adireshi, ba ya ɗauka nan take. Gwaji yake yi na daƙiƙa 60, idan ba ka shigo ta sabon adireshin ka tabbatar ba ya koma na da. Ina gaban injin a ranar, ban buƙace ta ba, amma ga wanda ke nesa ita ce igiyar da aka ɗaura masa a ƙugu kafin ya shiga rijiya. Na shiga ta sabuwar lamba, na tabbatar, editoci suka ga foldarsu, na wuce. A wannan wucewar na bar kuskuren da za a ji labarinsa a gaba.

Ƙofa ta biyu

A bayan sabar akwai kafar kebul guda da ke ware da sauran, babu wanda ya taɓa soka mata komai. Ta iDRAC ce, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da Dell ke dasawa a cikin sabobinsa. A na HP iLO ake ce mata. Tana da adireshinta daban, kuma muddin wayar wuta na jone tana raye ko da sabar a kashe take. Ta nan ana kunna injin, a kashe shi, a ga zafinsa da lafiyar fankokinsa, kuma idan akwai lasisin Enterprise a ga allonsa a danna kibod kamar mutum na tsaye a gabansa. Muka yi sa'a tsohon mai ita ya bar lasisin.

Ana shiga saitinta ta danna F2 lokacin da injin ke tashi. Na same ta a kan adireshin da ta fito da shi daga masana'anta, 192.168.0.120, kuma sunan shiga root, kalmar sirri calvin, wadda duk wanda ya taɓa aiki da tsofaffin sabobin Dell ya haddace. Na canja kalmar, na ba ta 10.37.20.11. A cikin BIOS, wato saitin tushe na injin, na saita cewa duk sanda wuta ta dawo injin ya tashi da kansa. A rajistar iDRAC na ga gargaɗi cewa ɗan batirin agogon da ke kan allon injin ya yi rauni. Batir ne irin na CR2032, kamar kwabo, ana samunsa wajen masu gyaran agogo a Terminus. La'asar ta yi, na ce sai wani zuwan.

Ramin da ake haƙowa daga ciki

Tun da baƙo ba ya shiga gidan haya sai an fito an tarye shi, sai a sa na ciki ya fita. Na kama hayar wata ƙaramar saba mai adireshin waje a wata cibiyar ajiya da ke Legas, na ɗora mata WireGuard, manhajar VPN, wato mai haƙa ɓoyayyen rami tsakanin injuna ta cikin intanet, da aka shigar cikin zuciyar Linux a 2020. Ofishin Jos ya kira ta, kwamfutata a Abuja ta kira ta, mu haɗu a can. Na zaɓi Legas a kan Turai saboda tazara, da kuma tunawa da 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi ta rarrafe kwana da kwanaki. Ban ga dalilin da zai sa maganar Abuja da Jos ta tsallaka teku ba. Wanda ba ya son wahalar riƙe saba tasa zai iya amfani da Tailscale, wadda a kan WireGuard ɗin aka gina ta, ta ɗauke masa rabin aikin.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce a kan wane inji ramin zai zauna a Jos. Mafi sauƙi a ɗora shi a kan sabar ajiyar kanta, kuma da yawa haka suke yi. To amma ranar da sabar ta ƙi tashi, ramin ya mutu tare da ita, iDRAC ɗin da aka tanada domin wannan ranar ta zama makullin da aka kulle a cikin ɗaki. Sai na nemo wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta hannu, girman littafi, marar cin wuta, na ɗora mata Linux, na ba ta 10.37.20.12, na jona ta a inbata tare da rauta da suwic. Ba ta da wani aiki sai gadin ramin. Duk daƙiƙa 25 tana aika ɗan saƙo Legas, don kada na'urorin kamfanin waya su ga shiru su rufe hanyar.

Matsala biyu suka taso a gwaji. Ta farko, saƙona yana isa sabar amma amsa ba ta dawowa, domin sabar ba ta san lambobin cikin ramin ba. Maganin da na zaɓa shi ne 'yar kwamfutar ta riƙa sauya wa duk saƙon da ya fito daga rami suna, ya zama kamar daga ita ya fito. Sabar sai ta ga maƙwabciyarta ce mai lamba 12 ke magana, ta amsa mata kai tsaye. Illarsa ita ce rajistar sabar ba ta bambance wanda ya shigo, kowa 12 ne, sai an koma rajistar ramin. Ta biyu, shafin shiga yana buɗewa rabi ya tsaya, alhali ƙananan saƙonnin gwaji na wucewa lafiya. Wannan alamar girman ƙunshi ce: WireGuard na zuwa da ƙunshin saƙo mai bayit 1420, layin waya kuma wani lokaci ba ya ɗaukar hakan. Na rage zuwa 1280, shafin ya buɗe sumul.

Na taƙaita abin da zai bi ramin: 443 da 22 zuwa sabar, 443 da 5900 zuwa iDRAC, ita ta ƙarshen ta ganin allo ce. Ƙofa ta 445 ban bar ta ba. A nan muka ɗan ja da Alhaji, don ashe a ransa yana hango kansa a Kano yana jawo fim daga Jos. Na yi masa lissafi a bayan takardar rasit. A yinin da layinsu ya yi kirki yana tura megabit 10 a daƙiƙa. Ɗanyen hoto na gigabayit 100, wanda bai kai aikin lokeshin mai tsawo ba, zai ci fiye da awa 22, ban da kuɗin data. Ya dubi takardar ya ce, "To a bar wa direban mota aikinsa." Makullan shiga biyu na yanka, ɗaya nawa ɗaya nasa, ta yadda in wayarsa ta ɓata a soke nasa kawai. A shafin TrueNAS na kunna shiga mai mataki biyu, mai neman lambobi shida da ke canjawa duk daƙiƙa 30 a waya.

Kafin na bar Jos na kashe wayfai, na jona kwamfutata da datar wayata, na shiga sabar, na shiga iDRAC, na kashe injin na kunna shi ina zaune a shagon mai shayi a ƙasan benen. Na manna takardar lambobi a jikin akwatin sabar, kalmomin sirri kuma na sa a ambulan na ba Alhaji. Na kama hanyar Abuja ina ganin na gama.

Asabar ɗin da aka kwana ana ruwa

Makonni suka wuce shiru. Babu kira, babu imel na gargaɗi, na ɗauki shirun a matsayin lafiya. Sai farkon damina, wata Juma'a, aka yi irin ruwan nan na Jos mai iska da ƙanƙara. Wuta ta ɗauke tun la'asar, kowa ya tafi gida, batiran inbata suka tsiyaye cikin dare, komai ya mutu. Da safe aka tayar da janareta, ƙarfe tara babban editan ya kira: "Oga, fanka na juyawa, fitila na ci, amma folda babu. Kuma yau za mu miƙa kashi na gaba."

Ramin ya dawo da kansa. Lamba 12 ta amsa, 11 ta amsa, 10 shiru. Na buɗe allon ta iDRAC, sai ga injin tsaye cak a farkon tashi, yana cewa agogonsa ya ɓace, a danna F1 a ci gaba. Batirin nan ne da na ce sai wani zuwan. Muddin akwai wuta a jikin injin ba a jin rashinsa, da wutar ta yanke ƙaf sai asiri ya tonu. Na danna F1 daga falona a Abuja, TrueNAS ya tashi, ZFS, tsarin da ke kula da jerin faya-fayan, ya karɓe su ba tare da ƙorafi ba, editoci suka ga folda. Da ramin a kan sabar yake, da sai dai in yi ta kwatance a waya ana neman allo da kibod, ko in hau mota.

Tsugune ba ta ƙare ba. Na je shiga shafin gudanarwa, ya ƙi lambobina shida. Na sake, ya ƙi. Waɗannan lambobi daga lokaci ake lissafa su, wayata da sabar dole agogonsu ya zo ɗaya, ita kuwa sabar tana can shekarun baya. Amma ai ya kamata da ta tashi ta tambayi sabobin lokaci na intanet ta gyara kanta. Me ya hana? Na koma allon iDRAC, na shiga ta baƙin allon TrueNAS, na gwada kiran rauta, ta amsa. Na gwada 8.8.8.8, wani adireshin Google a intanet, injin ya ce bai san hanya ba.

Nan na gane abin da na yi. A TrueNAS, adireshin inji a shafi ɗaya ake sa shi, ƙofar fita zuwa duniya da sabobin DNS masu fassara suna zuwa lamba kuma a wani shafin daban. Lokacin da sabar ke karɓar lamba daga rauta, duka ukun a dunƙule ake ba ta. Da na rubuta lambar da hannu sai sauran biyun suka zama fanko, ban cike su ba. Imel ɗin gwajin gargaɗi da na tura daga sabar a Jos ya isa, amma da safe na tura shi, kafin canjin. Abin da ya ɓoye kuskuren kuwa dabarata ce ta sauya suna: tun da duk saƙona yana zuwa ne da sunan maƙwabciya mai lamba 12, sabar ba ta taɓa buƙatar ƙofar fita don ta amsa mini ba. Gwajin da na yi a shagon mai shayi ya nuna ni ina iya shiga wurinta. Bai taɓa tambayar ko ita tana iya fitowa ba.

Na sa 10.37.20.1 a matsayin ƙofar fita, na sa DNS biyu, na fara daidaita agogon da hannu saboda tazarar ta yi yawa, sannan na bar NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, ya ƙarasa. Lambobina suka shiga. A saman shafin kuwa ga jan gargaɗi yana jirana, mai kwanan wata na wajen mako uku baya: faifai ɗaya ya yi ta ba da kurakurai har ZFS ya fitar da shi daga jeri. Mako uku sabar na ƙoƙarin aiko mini da wasiƙa ba hanya. Saura kariyar faifai ɗaya ke nan maimakon biyu, a kan faya-fayan da duk sa'o'in juna ne, kuma sun sha kashewar bazata a daren.

Na kira Alhaji na faɗa masa yadda abin yake, har da cewa sakacin nawa ne. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. Nawa ne faifan?" Na sayi sabo a Abuja na ba direba a tasha, washegari ya isa. Daga nan na sa fitilar mazaunin faifan da ya mutu ta riƙa ƙiftawa, na ce wa editan, "Malam, wanda ke ƙiftawa kaɗai za ka zare, ka karanto mini lambar jikinsa tukuna." Ya karanto, ta yi daidai da wadda ke gabana, ya soka sabon. Sake gina jerin ya ɗauki kusan yini, suna aikinsu a hankali. Batirin agogo kuma shi ya sayo ya sa, na kashe injin daga nan, muna waya ta bidiyo ina nuna masa inda yake.

Gyare-gyaren da suka biyo baya ba su da yawa. Na kashe tsayawar F1 a BIOS. Baƙin allon TrueNAS, wanda ya cece ni, a buɗe yake zuwa ba ya tambayar kalmar sirri, wato duk wanda ya samu iDRAC ya samu komai. Na sa masa kalma, na ƙara ta a ambulan ɗin Alhaji. Na sauke kwafin saitin sabar na ajiye a wurina. Sannan na daina yarda da shiru: yanzu sabar kan aika ɗan saƙo zuwa ta Legas duk awa, idan aka yi awa biyu bai zo ba, ta Legas ce ke tayar da ni.

Abin da har yanzu bai gyaru ba

Inbatarsu ba ta da hanyar gaya wa sabar cewa batir ya kusa ƙarewa, don haka kashewar bazata tana nan. Na ba da shawarar ƙaramin UPS mai kebul na USB, wanda TrueNAS ke iya saurare ya kashe kansa cikin natsuwa. Alhaji ya ce bayan sallah. A yanzu dai duk wanda ya fita ƙarshe ranar da babu wuta yana kirana in kashe ta daga nan. Kwafi na biyu na aikin a wani gini daban shi ma babu, kuma RAIDZ2 ba ya maganin gobara ko ɓarawo ko editan da ya goge folda da kuskure, ko da yake na kunna hotunan ZFS na kowane dare da ke ba da damar komawa baya mako biyu.

Layin intanet ɗin kuma guda ɗaya ne. A watan jiya ta Legas ta tashe ni da tsakar rana, 10 shiru, 11 shiru, 12 ma shiru. Na fara lissafin ko aradu ce ta faɗa wa suwic, har na duba ko akwai mai a mota. Na kira editan, ya ce aiki suke yi lafiya lau, folda na nan. Ya je ya duba rautar, ya dawo yana dariya: "Oga, data ce ta ƙare." Alhaji ya tura kuɗi, bayan minti biyar lamba 12 ta amsa. Na sa ranar sabunta datar a kalandar wayata, kwana biyu kafin ta cika.